Waye zai saka yaro a takardar haraji a Amurka idan uwa da uba sun rabu? Ga yadda ake ƙirgawa

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Duk shekara da zarar watan Janairu ya kama aka fara raba W-2, takardar da ke nuna albashin shekara da harajin da aka cire, a wuraren aiki sai rigimar nan ta taso a gidajen da aure ya mutu ko aka raba zama. Uba yace ai ni nake turo kuɗin ciyarwa duk wata, ni na ɗinka masa kayan Sallah, ni ke biyan Islamiyya, kuma ɗana ne sunana yake amsawa. Uwa tace a ɗakina yake kwana, ni ke tashinsa da asuba in shirya shi makaranta, in zazzaɓi ya kama shi cikin dare ni ce a asibiti. Daga nan sai kowa ya ruga wurin mai cika masa takarda don ya riga ɗaya, sai a wayi gari lambar soshiyal (Social Security) ɗin yaro ɗaya ta shiga takarda biyu, kuɗin da ake jira su maƙale, wasiƙu su fara zuwa, gaba ta ƙaru tsakanin mutum biyu da ko ba komai akwai ɗa a tsakaninsu. Wallahi abin yana damuna, don yawanci ba mugunta bace, rashin sanin ƙa'idar ne kawai.

Toh ƙa'idar ba ta da wuya. Hukumar haraji ta IRS ba ta tambayar waye ya fi kashe kuɗi, ba ta tambayar sunan wa yaron yake amsawa, kuma abin da zai ba wasu mamaki, ba ta bin abin da alƙalin kotun iyali ya rubuta game da riƙo. Tambayarta ɗaya ce: a ina yaron ya fi kwana a cikin shekarar? Wanda yaron ya fi kwana a wurinsa shi ne mai riƙo a lissafin haraji. Mu Hausawa ma ai da kwana muke ƙirga lokaci, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake rabon kwana ya san ba a lissafa wuni, inda aka kwana nan ne aka kwana. Haka ɗin ne a nan.

Mataki na farko: ka tabbatar wannan ƙa'idar ta shafe ku

Ƙa'idar iyayen da suka rabu tana aiki ne idan ɗaya daga cikin ukun nan ya same ku: kotu ta raba aurenku ko ta ba ku takardar raba zama, ko kuna da rubutacciyar yarjejeniyar rabuwa, ko kuma ba ku zauna gida ɗaya ba ko da dare ɗaya a watanni shidan ƙarshe na shekarar, wato daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba. Wannan na ukun ya haɗa har da waɗanda ba su taɓa yin aure ba. Sannan ya zama ku iyayen, ku biyu a haɗe, ku ne kuka ɗauki fiye da rabin ɗawainiyar yaron, kuma yana hannun ɗayanku ko ku biyun fiye da rabin shekara.

A nan zan ɗan tsaya saboda abu ne da ya shafe mu kai tsaye. Mutum ya saki matarsa a gaban liman ko ya rubuta mata takarda, ta yi idda ta gama, a addini aure ya ƙare babu tantama. Amma in dai aurenku yana da rajista a hukumance, IRS tana kallonku a matsayin ma'aurata har sai kotu ta raba, kuma matsayin da kuke ciki ranar 31 ga Disamba shi ne na shekarar gaba ɗaya. Don haka kar ka je ka cika cewa kai gwauro ne alhali kotu ba ta raba ku ba. Akwai wata hanya ga wadda yaran ke hannunta, zan zo kanta a ƙasa.

Mataki na biyu: ɗauko kalanda ka ƙirga

Ba ƙiyasi ake yi ba, ba "ai kusan rabi da rabi ne" ba. Ka ɗauko kalandar shekarar da ta wuce, ka bi ta dare bayan dare, ka sa alama. Shekara kwana 365 ce, duk wanda ya samu 183 ko fiye ya yi rinjaye. In ka manta wasu ranakun ka koma saƙonnin WhatsApp da kuka yi ta turawa juna, "na taho ɗaukarsa", "na sauke shi a ƙofa", hotunan waya ma suna ɗauke da kwanan wata, za su tuna maka da yawa.

Ga misalin da aka fi samu. Kotu ta ce uba zai ɗauki yaro ƙarshen mako ɗaya ya bar ɗaya, daren Juma'a da daren Asabar, ya mayar da shi Lahadi da yamma. Sau 26 a shekara kenan, sau biyu, kwana 52. A dogon hutu ya riƙe shi sati shida, kwana 42. Ko ba a cire waɗanda suka faɗo cikin juna ba 94 ne, a ƙara masa kwanakin Sallah biyu da hutun Disamba a ce goma, 104. Uwa tana da 261. Kaga ko kusa bai yi ba, duk da a ransa yana jin ai kullum yana tare da yaron, kuma ko da takardar kotu ta ce riƙo na haɗin gwiwa ne.

Yanzu ga ƙananan abubuwan da ke rikita ƙirgar, kuma nan ne ake yawan musu.

In yaro ya kwana a gidanka kai ba ka nan, misali ka yi tafiya ka bar shi da sabuwar matarka ko ƙanwarka, daren naka ne, tunda gidanka ne. In kuka yi tafiya tare kuka kwana a otal, ko ka tafi da shi gida ganin dangi a Kano ko Yamai ko Kumasi na sati uku, duk dararen nan naka ne don yana tare da kai. In ya kwana gidan abokinsa ko gidan goggonsa, ba ya tare da kowa a cikinku, sai a duba: da bai je can ba, a tsarin da kuka saba wurin wa zai kwana a wannan daren? Wannan ne ya ci daren. Misali kuna yin sati-sati ne sai ya tafi sansanin hutu na sati shida, kowa ya ci sati uku. In kuma babu yadda za a iya ganewa, toh waɗannan dararen ba a ba kowa. Daren 31 ga Disamba ana lissafa shi cikin shekarar da ya fara, ba sabuwar ba.

In a cikin shekarar kuka rabu, a ce kuna tare har ƙarshen Afrilu, watannin da kuke gida ɗaya ba a ƙirga su. Daga ranar rabuwa ake fara ƙirga zuwa ƙarshen Disamba.

Sai masu aikin dare, kuma mutanenmu da yawa suna ciki, masu tuƙin tasi da Uber cikin dare, mata masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, nas-nas, masu gadi. Dokar ta yi musu tanadi. Idan saboda aikin darenki ne yaron yake wuni a wurinki mafi yawan ranaku amma yana kwana wurin babansa, ke ce mai riƙo. Sai dai a ranakun makaranta ana ɗaukar yaron yana zaune ne a adireshin da aka rubuta wa makaranta a matsayin ainihin gidansa, don haka ki duba adireshin wa ke cikin fayil ɗinsa a makaranta, wannan ƙaramin abin yana iya juya lissafin duka.

In yara sun fi ɗaya kowanne ƙirgarsa daban. Zai yiwu babban yana wurin uba ƙaramar tana wurin uwa, kowa ya zama mai riƙon nasa, babu matsala. Yaron da ya kai shekarun da dokar jiharku ta ɗauke shi baligi mai cin gashin kansa, a yawancin jihohi 18, daga wannan ranar ba a ɗaukarsa yana hannun kowa, sai a ƙirga dararen da suka gabaci ranar kawai, in kuma tun farkon shekara ya cika, kamar a watan Mayu, wannan ƙa'idar ta musamman ta faɗi sai a koma dokar yau da kullum ta wanda yaro ya zauna da shi.

In aka yi kunnen doki fa? Yana faruwa, musamman a shekara mai kwana 366 irin 2024 ko 2028 mai zuwa, kowa 183, ko in an cire wasu dararen da ba na kowa ba. A nan wanda AGI ɗinsa ya fi yawa shi ne mai riƙo, wato jimillar kuɗin shigarsa bayan 'yan gyare-gyare, adadin da ke layi na 11 a Fom 1040, babbar takardar harajin. A nan ne kaɗai yawan kuɗi yake shigowa maganar.

Mataki na uku: ka san me ke kan tebur

Mai riƙo shi ke da ikon saka yaron, kuma abubuwan da ke biyo baya ba kaɗan bane. Akwai kiredit ɗin yara, wato rangwamen da ake cire maka daga harajin da ake bin ka, wanda dala 2,000 ne kan kowane yaro daga 2018 zuwa 2024 in banda 2021 da aka ƙara shi, ya koma dala 2,200 a shekarar haraji ta 2025, ga yaron da bai cika 17 ba a ƙarshen shekara kuma yana da lambar soshiyal, har dala 1,700 daga ciki ana iya ba ka a hannu ko da ba a bin ka haraji. In yaron ya wuce wannan shekarun amma har yanzu yana ƙarƙashinka akwai na dala 500. Akwai matsayin mai riƙe da gida, a kan fom ɗin an rubuta Head of household, wanda a 2025 yake cire maka dala 23,625 daga kuɗin da za a yi wa haraji maimakon 15,750 na gwauro. Akwai EITC, kiredit ɗin ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, wanda ga wasu iyalan shi ne mafi tsoka duka. Akwai kuma kiredit ɗin kuɗin renon yara da kika biya don ki samu zuwa aiki, wanda ake cikawa a Fom 2441.

'Yar uwa wadda kotu ba ta raba aurenku ba tukuna, ga hanyar da na ce zan zo kanta. In mijin bai zauna a gidan ba a watanni shidan ƙarshe na shekara, ke kika biya fiye da rabin kuɗin riƙe gidan, haya da wuta da abinci, yaron yana wurinki fiye da rabin shekara, kuma takardarki daban kike cikawa, toh dokar tana ɗaukarki kamar marar aure, kina iya cika mai riƙe da gida. Mata da yawa ba su san wannan ba suna ta asara duk shekara.

Shi kuwa kuɗin ciyarwa da uba ke turowa, ba ya cire shi daga harajinsa, ita ma ba ta rubuta shi cikin kuɗin shigarta. Kuma biyansa, komai yawansa, ba ya ba shi ikon saka yaron. Na san wannan yana yi wa iyaye maza ciwo, musamman wanda yake ƙoƙari da gaske yana hana kansa yana turawa, ban raina ƙoƙarin ba, amma ƙofar da doka ta bar masa guda ɗaya ce.

Mataki na huɗu: Fom 8332, in kun yarda uba ya saka

Ina cewa uba ne don shi aka fi samu, in yaran suna wurin uba sai a juya maganar. Mai riƙo za ta iya sakar wa ɗayan, ta hanyar sa hannu a Fom 8332, shafi ɗaya ne ana sauke shi kyauta a shafin IRS. Kashi na ɗaya na shekarar da ake ciki ne kawai. Kashi na biyu na shekaru masu zuwa ne, za a iya rubuta takamaiman shekaru, ko a ce shekara ɗaya a tsallake ɗaya, ko duk shekarun gaba. Kashi na uku na janyewa ne. Ta cika sunan yaro da shekara, ta sa hannu da lambar soshiyal ɗinta da kwanan wata, ta ba shi, shi kuma dole ya haɗa shi da takardar harajinsa duk shekarar da ya saka yaron, in na shekaru da yawa ne asalin ya tafi a shekarar farko, kwafi a sauran.

Shawarata, kuma ina faɗa da ƙarfi, a riƙa sa hannu shekara-shekara. Kar ki rubuta duk shekarun gaba don ana zaman lafiya yau. Janyewa ba ta aiki nan take, sai shekarar da ta biyo bayan wadda kika sanar da shi, in kin ba shi takardar janyewa a 2025 sai a harajin 2026 za ta fara aiki, kuma sai kin ajiye shaidar cewa kin ba shi ko kin yi iya ƙoƙarinki ki ba shi. Sannan ba a rubuta sharaɗi a jikin fom ɗin, irin "in ya biya kuɗin ciyarwa", sakin da aka ɗaura wa sharaɗi IRS ba ta karɓa. In kina son ki ga ya cika alkawari tukuna, ki jira Janairu ki duba sannan ki sa hannu na wannan shekarar.

Abin da fom ɗin ke ba uba shi ne kiredit ɗin yara ko na dala 500 ɗin, da kiredit ɗin karatu in yaron yana kwaleji. Iyakarsa kenan. Matsayin mai riƙe da gida, da EITC, da kiredit ɗin reno, suna nan wurin mai riƙo, ba sa tafiya ko da ita ta yarda, ko da alƙali ya rubuta. Na ga ɗan uwa da ya karɓi 8332 sai mai cika masa takarda ya saka masa har da EITC da mai riƙe da gida don kuɗin su yi kauri, bayan lokaci wasiƙa ta zo aka ce ya dawo da su da kuɗin ruwa a kai, shi kuma mai cikawar ya riga ya karɓi ladansa. Sa hannunka ne a takardar, kai za a bi.

Takardar kotu kuma, in an yi ta daga 2009 zuwa yau, ba ta maye gurbin fom ɗin. Ko alƙali ya rubuta ƙarara cewa uba ne zai saka yaro a shekaru masu mara, in babu 8332 IRS za ta ƙi. In ta ƙi sa hannu alhali kotu ta umarce ta, wurin alƙalin da ya yi umarnin zaka koma ya tilasta, ba wai ka saka yaron da ƙarfin hali ba. Ke ma in kotu ta umarce ki ki sa hannun, ƙin yi saɓa wa kotu ne kuma yana da nasa hukuncin.

Kafin ku yanke, ku zauna ku lissafa ta hanya biyu, in ita ta saka nawa, in shi ya saka nawa. Wani lokacin kuɗin shigar uwa ya yi ƙasa sosai har ba za ta ci moriyar kiredit ɗin duka ba, in ta sakar masa jimillar ta fi yawa sai su raba ko a zuba wa yaron a asusu.

Mataki na biyar: in an riga ki saka yaron

Kin tura takardarki ta intanet sai aka dawo da ita wai an riga an yi amfani da lambar yaron. Kar ki cire shi don kawai takardar ta wuce. Wanda ya riga turawa ba shi ne mai gaskiya ba, kwamfuta ce kawai ta karɓi ta farko. In ƙirgarki ta nuna ke ce mai riƙo kuma ba ki sa hannu a 8332 ba, hanya biyu ce. Ko ki buga takardar ki sa hannu ki aika ta gidan waya kafin 15 ga Afrilu, ko ki nemi IP PIN a asusunki na shafin IRS, lambar sirri ce mai alƙaluma shida da ke tabbatar da cewa ke ce, tun daga lokacin cika haraji na 2025 suna karɓar takarda ta intanet ko da wani ya riga ya saka yaron in dai akwai wannan lambar. Ta biyun ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Bayan wasu watanni wasiƙa mai lamba CP87A tana iya zuwa muku ku biyun. Ba za su faɗa miki waye ya saka ba, doka ta hana su. Wanda ya san shi ne ya yi kuskure ya cika Fom 1040-X ya gyara ya mayar da abin da ya karɓa, mai gaskiya ba sai ta yi komai ba. In babu wanda ya janye sai su buɗe bincike ta wasiƙa su ce kowa ya kawo shaida, kuma shaidar da suke so ita ce mai nuna sunan yaro da adireshinki da kwanan wata: takardun makaranta, na asibiti ko likitan yara, na gidan reno, na ofishin tallafi, har wasiƙa daga masallacinku a kan takarda mai tambarin masallacin suna karɓa. Rasit ɗin takalmi da hoton bikin zagayowar haihuwa ba sa nuna inda yaro ya kwana. Wanda aka samu ya saka da gangan ko da sakaci, ban da mayar da kuɗi da tara, ana iya hana shi waɗannan kiredit ɗin shekara 2, in zamba ce shekara 10, kuma ko bayan nan sai ya cika Fom 8862 kafin a sake ba shi.

Wani abin da ke faruwa a cikinmu, yaran da aka tura gida. In an kai yaro makarantar kwana ko ta haddar Alƙur'ani da niyyar zai dawo, kuma ɗakinsa yana nan, wannan tafiya ce ta wucin gadi. Amma yaron da yake zaune dindindin da mahaifiyarsa ko kakarsa a gida, shekara da shekaru, kai kana nan kana tura kuɗi, kar ka saka shi a EITC, don sharaɗinsa yaron ya zauna da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara. In kuma yaron ba ɗan ƙasa bane kuma ba mazaunin Amurka ko Kanada ko Meziko ba, ba ya shiga takardarka sam. Irin wannan kar ka bari mai cika takarda a shago ya yanke maka, ka kai wa masu VITA, masu aikin sa kai ne da IRS ta horar suna cika wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a laburare da cibiyoyin unguwa, in kuma har an kai ga bincike akwai ofisoshin LITC, masu taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi a rikicin haraji, da ke tsaya wa mutum kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Cikakken bayanin yana cikin littattafan IRS masu lamba 501 da 504, ka sa ɗanka ko wani mai Turanci ya karanta maka sashen iyayen da suka rabu.

Na shekarar da muke ciki kuwa, tun yau a rataye kalanda a kicin ko a buɗe ɗaya a waya wadda ku biyun kuke gani, duk daren da yaro ya kwana a sa harafin farko na sunan wanda ya kwana wurinsa, kuma a je makaranta da asibiti a tabbatar adireshin da ke fayil ɗinsa shi ne inda yake zaune da gaske.